Cizon Karyar Gida a Lokacin Kaka: Nazarin Abin da Ya Sami Wani Yaro a Kudancin Jigawa

Gidan da wannan nazari ya shafa yana wani ɗan ƙauye ne a kudancin Jihar Jigawa, ɓangaren da ya kusanci iyakar Kano da Bauchi, inda ake noman gero da dawa da gyaɗa da wake, ake kuma kiwon awaki da tumaki a bayan gida. An sakaya sunan ƙauyen da na mutanen gidan, tun da ba tonon asiri ake nufi ba. Gida ne na gandu mai sassa uku: sashen maigida da matarsa da 'ya'yansu biyar, sashen mahaifiyarsa wadda ta manyanta, da ɗakin ƙanensa saurayi a kusa da zaure. Gaban gidan katangar ƙasa ce, bayansa kuwa darni ne na karan dawa da ake sabuntawa kowace shekara bayan girbi. Tsakanin sashen tsohuwar da turken awaki akwai rumbuna biyu da aka ɗora a kan duwatsu, kuma a ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu abin ya faru.

Shekara huɗu kafin nan, bayan da ɓarayi suka kwance musu awaki a dare ɗaya, ƙanen maigidan ya samo 'yar kwikwiya daga wata rugar Fulani. Irin karnukan nan ne na ƙasarmu masu siririn jiki da jan gashi da dogon baki, waɗanda ba a saya musu abinci, ba a ɗaure su, ba a kuma kai su wurin malamin dabbobi. Ta girma ta zama mai amfani, tana kwana a bakin turke, tana raka saurayin gona, da rani kuma takan bi shi farautar zomo. Babu wanda ya ga aibin ajiye ta, domin malamai sun bayyana cewa addini ya yarda a riƙe kare don gadin dabbobi ko gona ko don farauta, kuma a mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa ba a ɗauki jikin kare mai rai ko yawunsa a matsayin najasa ba, ko da yake an yi umarni da wanke mazubin da ya sa baki a ciki sau bakwai. A tsawon shekarun nan huɗu ba ta taɓa cizon kowa ba, kuma wannan shaidar ce kowa ya riƙa maimaitawa daga baya.

Akwai wani tsari na zaman gidan da ya kamata a fahimta tun farko, domin a ganina shi ne tushen lamarin gaba ɗaya. Karyar ta maza ce. Saurayin ne ya kawo ta, shi take bi, shi kaɗai take ji wa magana, kuma matan gidan ba su da wata hulɗa da ita da ta wuce su watsa mata ƙanzo ko ragowar tuwo, ko su kore ta idan ta doshi madafi. Ƙananan yara kuwa na mata ne, suna tsakar gida daga safe har dare. Da gari ya waye maza sun fita, sai a ɗauka karyar ma ta fita tare da su, alhali akwai wata kafa a gindin darni da take shiga da fita ta nan duk lokacin da ta ga dama. Saboda haka mai karyar ba ya nan a lokacin da take haɗuwa da yara, masu yaran kuma ba su ɗauki lura da ita a matsayin aikinsu ba. Wurin da yaro da karya suke haɗuwa ya zama ba a hannun kowa yake ba, kuma shekara huɗu aka yi a haka ba tare da kowa ya ankara ba, saboda babu abin da ya taɓa faruwa.

Abu biyu suka sauya a kakar wannan shekara, kusan a lokaci ɗaya. Na farko, an yaye autan gidan, yaro ɗan shekara biyu da 'yan watanni, aka kuma mayar da shi sashen kakarsa kamar yadda aka saba, don ya manta da nono. Wannan ya ɗauke shi daga idon uwarsa ya kai shi taku kaɗan daga rumbunan. Na biyu, karyar ta haihu, ta zaɓi ƙarƙashin rumbu saboda inuwa da duhu, ta zube 'yan kwikwiyo biyar. Karya mai shayarwa tana bukatar abinci ninki biyu ko uku na abin da take ci a da, amma babu wanda ya ƙara mata komai, hasali ma abincin ya ragu, domin a lokacin girbi ana kai wa maza tuwo da fura gona, ba a cika samun ragowa a gida ba. Ta daina bin saurayin, ta zauna a gida da yunwa da ƙishirwa da 'ya'ya a gabanta waɗanda ko ido ba su buɗe ba.

Ta yi gargaɗi kafin ta yi cizo, kuma ba sau ɗaya ba. Kwana uku kafin ranar, yayar yaron, yarinya 'yar shekara bakwai, ta leƙa ƙarƙashin rumbun don ta ga 'yan kwikwiyon, sai karyar ta yi mata gurnani ta yaƙe haƙora. Yarinyar ta kai ƙara da yamma, saurayin ya ɗauki kara ya zane karyar, kowa kuma ya ga an yi maganin abin. A nan ne aka yi kuskuren da ya fi kowane ɓoyuwa. Gurnani shi ne hanyar da kare ke cewa a ja da baya, kuma masana halayyar dabbobi sun daɗe suna jan hankali cewa idan aka doki kare saboda ya yi gurnani, ba tsoron da ke ransa aka cire ba, gurnanin kawai aka hana shi, don haka a karo na gaba yana iya tsallake gargaɗin ya wuce kai tsaye ga cizo. Tsohuwar ma ta tuna daga baya cewa duk lokacin da yaron ya doshi wajen, karyar takan sandare, ta kwantar da kunnuwa, ta riƙa lasar baki tana kallonsa ta gefen ido. Ta ga haka da idonta, amma ba ta san alama ce ba.

A ranar da abin ya faru maza duk suna gona ana yankan gero. Uwar yaron tana sashenta tana daka, tsohuwar ta shiga ɗaki bayan ta bar shi a hannun yayarsa, ita kuma yayar aka aike ta maƙwabta ɗebo wuta, aiken da bai fi na minti biyar ba. Da hantsi ne. Yaron yana riƙe da guntun ƙuli-ƙuli, ya ji kukan 'yan kwikwiyon, ya tafi ya durƙusa ya cusa kansa ƙarƙashin rumbun ya miƙa hannu. Babu wanda ya ji haushi ko gurnani, ihun yaron kawai aka ji. Cizo ɗaya ta yi masa ta sake shi: haƙora biyu sun huda kumatunsa na hagu, ɗaya kuma ya tsaga fatar kunnensa ta ƙasa. Ba abin mamaki ba ne da cizon ya sauka a fuska, domin babba idan kare ya cije shi galibi a ƙafa ko hannu ne, yaro ƙarami kuwa fuskarsa da wuyansa daidai suke da bakin kare, musamman idan ya durƙusa.

Sa'ar farko

Tsohuwar ce ta fara isa. Ta ɗauke shi ta danne raunin da gefen zanenta, ta sa aka kawo toka da gishiri ta cusa a ciki don jini ya tsaya. Kafin a ce haka matan maƙwabta sun cika gidan, kowa da shawararta. Wata ta ce a tsigo gashin karyar a ƙona a shafa, wata ta ce a zuba kananzir. Wata maƙwabciya ce, wadda ta taɓa shiga aikin ɗigon riga-kafin shan inna ta kuma saba jin bayanin ma'aikatan lafiya, ta tsaya kai da fata cewa a wanke. Ta ce wa tsohuwar, "Inna, ki yi haƙuri ki ba ni shi, tokar nan ba za ta fitar da yawun ba, sabulu da ruwa ake so." Tsohuwar ba ta so ba, tana ganin ruwa zai tayar da jinin da aka samu ya lafa, amma uwar yaron ta karɓe shi ta ɗora a cinya ta kifa kansa gefe, maƙwabciyar ta riƙa goga sabulun wanki har ya yi kumfa, yarinyar da aka aika ɗebo wuta tana tsiyaya ruwa daga buta, idan ta ƙare a sake cikawa daga randa. Toka mai haɗe da jini ta riƙa gangarowa a kan tabarma, yaron yana ihu har muryarsa ta dushe. Ba su jure ba, bayan 'yan mintoci suka tsaya.

Abin da maƙwabciyar ta yi shi ne mafi muhimmancin abin da aka yi a wannan rana, ko da yake an makara da kusan rabin sa'a kuma ba a cika lokacin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wanke cizon kare nan take da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a shafa aidin idan akwai. Dalilin shi ne ƙwayar cutar haukan kare tana cikin yawu, kuma tana da wani ɓawo mai maiƙo wanda sabulu ke wargazawa, ruwan kuma ya kwashe abin da ya rage. Toka da gishiri da barkono da kananzir ba sa yin wannan aiki, sai dai su ƙona nama su ƙara datti. Minti 15 lokaci ne mai tsawo ga uwar da ke riƙe da ɗanta yana kuka, kuma ban ga laifin wadda ta kasa jurewa ba, amma ya kamata a san cewa ba a ɗauki wannan adadi da wasa ba.

Da labari ya kai gona, maza suka taho a guje, saurayin yana gaba da gora a hannu. Niyyarsa ya kashe karyar nan take, kuma samarin unguwa suna bayansa. Wani dattijo ya kawo shawarar a bar ta zuwa lokacin da masu sayen karnuka za su zagayo, waɗanda ke bin ƙauyuka suna tarawa suna kaiwa kasuwanni irin ta Dawaki a Jihar Filato, a rabu da ita a sami ɗan abin kashewa. Maigidan ne ya hana duka biyun, kuma ba don ya san wani abu game da cutar ba, sai don yana tausayin 'yan kwikwiyon. Saurayin ya ce, "Yaya, karyar da ta ɗanɗana jinin ɗanka za ka bari ta kwana a gidan nan?" Ya amsa masa cewa a ɗaure ta tukuna, a ga abin da Allah zai yi. Wannan hukunci da aka yanke bisa tausayi ya zo daidai da abin da likita zai nema, domin karen da ya yi cizo shi ne shaida mafi ƙarfi: idan aka tsare shi kwana 10 yana ci yana sha lafiya lau, to ba ya ɗauke da cutar a yawunsa a ranar da ya yi cizon. Da an kashe ta an jefar, ko an sayar, da an rasa wannan shaida, kuma wanda ya kashe ta ko ya feɗe ta shi ma ya shiga haɗari.

Neman allura

An ɗauki yaron a babur zuwa ƙaramin asibitin da ke garin dagaci. A hanya wani ya ce a tsaya kemis a ɗinke kumatun kada ya bar tabo, Allah ya sa ba a tsaya ba. Malamin asibitin ya sake wanke raunin sosai, ya fitar da sauran tokar, ya shafa aidin, ya yi masa allurar titanus, ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, amma ya ƙi ɗinkewa, ya bayyana musu cewa ɗinke cizon kare da wuri yana iya kulle ƙwayar cutar a ciki ya ƙara tura ta cikin nama. Sai dai ba shi da allurar riga-kafin haukan kare, wadda dole a ajiye ta a firji cikin sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma ba kasafai ake samunta a ƙananan asibitocin karkara ba. Ya rubuta musu takarda zuwa babban asibiti ya ce su wuce a ranar.

Ba su wuce ba. Yamma ta yi, babu kuɗi a hannu, gero yana zube a gona, kuma maganar da ta fi rinjaye a zaure a wannan dare ita ce, ai karyar gida ce, ba mahaukaciya ba ce, kowa ya san dalilin da ya sa ta yi cizon. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da haɗari. Gaskiya ne cizon yana da dalili a fili, kuma mafi yawan cizon karnukan gida ba sa ɗauke da cutar. To amma wannan karya ba a taɓa yi mata riga-kafi ba, kullum dare tana yawo, kuma 'yan kwikwiyon da ke ƙarƙashin rumbu su kansu hujja ne a kanta. Cikin karya yana ɗaukar kwana 63 ko kusa da haka, ke nan kimanin mako goma kafin cizon ta yi cuɗanya da karnukan da babu wanda ya san daga inda suka fito, kuma a irin wannan lokaci karnuka kan yi faɗa su ciji juna. Cutar kan ɓoye a jikin kare makonni ko watanni kafin ta bayyana, kuma kare yana iya fara zubar da ita a yawu 'yan kwanaki kafin a ga wata alama a jikinsa. Ba kuma kowane kare mai cutar ne ke hauka yana bin mutane ba. Wani shanyewa yake yi, ya yi laushi, muƙamuƙinsa ya saki, yawu yana dalala, har mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa ya cusa hannu a bakinsa.

Uwar yaron ce ta karya wannan shawara. Bayan sallar asuba ta ce wa mijinta, "Malam, a sayar da akuyata a kai shi." Akuyar da ta samu tun lokacin aurenta ce ta hayayyafa, kuma dukiyarta ce ita kaɗai. Aka karɓi rance a kan akuyar kafin ranar kasuwa, aka kama hanya.

Likitan da ya duba yaron ya sa raunin a mataki na uku, wanda shi ne mafi tsanani a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wato duk cizo ko yaƙushin da ya huda fata, ko lasar kare a kan buɗaɗɗen rauni. Ya kuma nuna damuwa ta musamman da wurin da cizon ya sauka. Ƙwayar cutar ba ta bin jini, jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa ƙwaƙwalwa take bi sannu a hankali, shi ya sa takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta bayyana a jikin mutum, wani lokaci mako ɗaya kacal, wani lokaci har shekara. Idan cizon a ƙafa ne hanyar tana da nisa, idan a kumatun yaro ɗan shekara biyu ne kuwa, ɗan taƙi ne. Allurar tana aiki ne kawai idan ta riga cutar isa, domin da zarar alamomi sun bayyana, wato zazzaɓi, firgita, tsoron ruwa da tsoron iska, kusan babu wanda ke tashi. Hukumar ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a duniya kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunta.

Aka yi wa yaron allurar farko a cinya, domin ƙaramin yaro ba a yi masa a kafaɗa, kuma ba a yin wannan allura a ɗuwawu ga kowa saboda ba ta kamawa da kyau a nan. Aka rubuta musu ranakun dawowa: kwana na 3, na 7, na 14 da na 28. Akwai wani magani na biyu da rauni irin wannan ke bukata, wanda ake kira imunogulobulin, ana tsira shi a cikin raunin da kewayensa don ya tare cutar nan take kafin allurar ta fara aiki, wanda kan ɗauki mako ɗaya ko fiye. Ba a same shi ba. Yana da tsada kuma yana da wuyar samu a mafi yawan ƙasashen Afirka, kuma rashinsa ne ya ƙara wa wankin nan da aka yi da buta a kan tabarma daraja.

Kwanakin tsarewar sun wuce ba tare da wani abin tashin hankali ba. An ɗaure karyar da igiya a wani tsohon kango a bayan turke tare da 'ya'yanta, saurayin kaɗai ke kai mata abinci da ruwa, kuma a karon farko a rayuwarta ta riƙa cin abinci sau biyu a rana. Matsalar da aka samu ta ɓangaren allura ce. Bayan ta biyu raunin ya kame, yaron ya koma wasa, maigidan ya fara ganin kuɗin mota da na allura asara ne, har aka yi jinkirin kwana biyu kafin ta uku. Wannan shi ne inda iyalai da yawa ke yankewa, saboda suna auna lafiyar yaro da warkewar fata, alhali cutar da ake gudu ba a fata take ba. Da kwana 10 suka cika karyar tana lafiya, aka sanar da likita. Ƙa'ida ta ba shi damar dakatar da allurar a irin wannan hali, amma ganin cewa cizon a fuska ne kuma ba a sami magani na biyun ba, ya zaɓi a yi ta huɗu, sannan ya sallame su. Wannan hukunci na likita ne, ba na zaure ba. Yaron ya warke, da ɗan tabo a kumatu da tsaga a kunne.

Abin da aka gyara da abin da ya rage

Mutanen gidan sun ce tsautsayi ne, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Babu mai jayayya da ƙaddara, amma wanda ya bi lamarin daki-daki zai ga cewa babu wani abu a cikinsa da ya zo ba zato. An san karyar ta haihu, an san inda ta haihu, an san ta yi gurnani, an kuma san an kawo yaro mai tafiya da ƙafarsa kusa da wurin. Yarinyar da aka bar wa shi ta sha faɗa a ranar, kuma wannan zalunci ne, domin 'yar shekara bakwai ita kanta tana bukatar a lura da ita a gaban karya mai jego, balle a ɗora mata tsaron wani. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ba ya iya riƙe doka, ko an gaya masa sau nawa, kuma ba ya bambance gurnani da wasa. Tsaronsa ba ya samuwa ta hanyar koyarwa, sai ta hanyar shinge da idon babba.

Shingen kuwa shi suka fara yi. An toshe kafar darnin da ƙaya da duwatsu, an kewaye kangon da zana aka yi masa ƙyaure, aka kuma yanke cewa nan ne wurin karyar duk lokacin da take da ciki ko jego ko rashin lafiya. An daina watsa mata abinci a tsakar gida inda yara ke cin nasu, an ware mata kasko a bayan turke, ana ba ta bayan magariba. An ajiye mata ruwa, abin da ba a taɓa yi ba kafin cizon, ko da yake kowa a gidan ya san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wannan gyara ya rage wata matsalar ma da ba a lissafa da ita ba, wato kashin kare a ƙasar da yara ke wasa, wanda ke ɗauke da ƙwayayen tsutsar ciki.

Manyan yaran kuma an zaunar da su an koya musu abin da shekarunsu za su iya ɗauka: kada a taɓa kare yana ci ko yana barci ko yana tare da 'ya'yansa, kada a jefe shi, kada a ja masa jela ko a hau bayansa. Idan baƙon kare ya taso, a tsaya cik, a sauke hannuwa, a kau da ido, kada a ruga, domin gudu ne ke sa shi bi. Wanda ya faɗi ya dunƙule ya rufe fuska da wuya da hannuwansa. Abin da ya fi wuya shi ne alkawarin da maƙwabciyar ta sa iyayen suka ɗauka, cewa duk yaron da kare ya ciza ko ya yaƙusa ya zo ya faɗa, ba za a doke shi ba, ko da shi ne ya tsokani karen. Yara da yawa suna ɓoye ƙaramin cizo saboda tsoron bulala, kuma ƙaramin cizon da aka ɓoye ya fi babban da aka wanke haɗari.

Riga-kafin karyar ya ɗauki lokaci kafin ya samu. Ana yi wa kare wannan allura tun yana ɗan wata uku, a kuma maimaita kowace shekara, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu haɗa ta a nan gida. Kuɗinta bai kai ko kusa da abin da aka kashe a kan yaron ba. Wahalar ita ce isa gare ta, domin malamin dabbobi yakan zo ƙauyen ne saboda shanu da awaki, kuma ba a saba a tare shi da maganar kare ba. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya, kuma jihohi da dama kan yi allurar kyauta a lokacin, sai dai ranar tana faɗowa ne a tsakiyar girbi, lokacin da manomi ba shi da sararin ɗaukar kare zuwa gari. A ƙarshe saurayin ne ya yi magana da malamin dabbobin a ranar kasuwa, ya zo da allurar cikin akwatin sanyi a zuwansa na gaba.

Kare ɗaya da aka yi wa allura ba ya tsare ƙauye. Masana sun nuna cewa sai an yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri riga-kafi kafin cutar ta daina yawo a tsakaninsu, kuma a kan wannan lissafi aka gina burin da hukumomin duniya suka sa na kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cutar haukan kare da ake ɗauka daga karnuka nan da 2030. Maigidan ya kai maganar gaban mai unguwa, cewa a tara karnukan unguwar rana ɗaya a kira malamin dabbobi a raba kuɗin. Wasu sun yarda, wasu sun ce karen da ke kwana a ƙofar gidansu ba nasu ba ne, abinci kawai suke ba shi, don haka ba su ga dalilin biya ba. Har yanzu ba a tsayar da rana ba. 'Yan kwikwiyon kuwa huɗu suka rayu, kuma tun kafin su kai wata uku an rarraba su, biyu a unguwar, ɗaya a ruga, ɗaya a wani ƙauye na gaba. Babu ko ɗaya a cikinsu da aka yi wa allura, kuma gidaje biyun da suka karɓa a unguwar duk suna da yara masu rarrafe.